Madam Ta Kasa Kiran Sunan Surukinta

Jama'a, ku zo ku ji abin da ya faru yau a lekol ɗinmu, makarantar manya!

An kawo mana sabuwar madam, Hadiza, za ta koya mana cike takardun duwan, wato kwastan. Ta ɗauki takardar sunaye tana kira, muna amsawa da "perezan", wato "ga ni". Can sai ta tsaya cak a kan wani suna! Ashe Alhaji Sani mai kifi, uban mijinta, ya yi rajista a ɓoye. Ga shi a bencin baya da kaye da bik, wato littafin rubutu da biro. Wa ke kama sunan suruki?

Nan take ta durƙusa: "Baba, ina wuni?"

Shi kuwa ya miƙe ƙyam: "A'a Madam, nan ke ce babba. Kira sunana, kada a sa ni cikin masu fashin aji!"

Ta ce, "Ai na gan ka."

Ya ce, "An kira kowa, sai ni?"

Ta sunkuyar da kai, a hankali ta ce, "Baba."

Wallahi tsofaffi shida suka amsa tare: "Perezan!"

Alhaji ya juya ya harare su: "To ku kuma, wane ɗa kuka ba ta?"