Rawar Uba da 'Yar Fari

Ranar Asabar nakan koyar da rawar mutum biyu a ɗakin ƙasa na wata majami'a a unguwar Mount Hope, nan ƙasar Turawa. Sauran ranakun ina jinyar tsofaffi a gidajensu. Ɗalibaina sabbin shiga ne, masu taka ƙafar mutum su ce "sori". Na sha masifa a ɗakin nan, ni kuwa ba haƙuri ne da ni ba.

Wani direban bas, dattijo mutumin Zariya, ya zo mini gab da bikin 'yarsa. A nan aka haife ta, kuma ta ce lallai sai sun yi rawar uba da 'ya a gaban jama'a, yadda ake yi a ƙasar nan. 'Yar fari ce. Bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai "yarinyar nan".

"Malama, ta ce in ban yi ba, to ba na son ta," ya faɗa yana kallon takalminsa.

Na ce, "Baba, kawo hannu. Na dama a bayana, na hagu sama. Kai ne jagora, ni bi zan yi."

Ƙafarsa dai ta koya. Matsalar ido ce. "Haba Baba! Me ka ajiye a ƙasan? Fuskarta za ka kalla!" Sai ya yi dariyar yaƙe ya ce zai gwada. Kafin bikin ya iya juya ni ba tuntuɓe, har na fara yi wa sauran gori da shi.

Na je bikin a unguwar Harlem. Aka sa kiɗa, aka kira uban amarya. Ta fito tsakiyar fili da farar rigarta tana murmushi. Ya miƙe, wallahi ya miƙe. Sai na ga ya dafa ƙanensa ya tura shi gaba, ya koma ya zauna. A gida daidai ya yi, ƙanen uba ke tsaya wa 'yar fari. Dattawanmu har suka gyaɗa kai. Ni kuwa raina ya ɓaci, na ji kamar in je in finciko shi.

Ƙanen ya miƙa mata hannu. Ba ta karɓa ba. Ta tsaya ita kaɗai tana kallon ubanta, shi yana kallon tebur, har waƙar ta ƙare. Ba wanda ya yi tunanin kashe kiɗan.