Carbin da Yake Auna Bututu

Yau a wani gida a unguwar Nasiriya na kunna hitar ruwa, sai wutar murhun gas ta yi ƙasa, ta koma ja. Wanda ya ja bututun gas ɗin, siriri ya sa, ya yi tafiyarsa. Na zauna a matakala ina zufa. Wallahi na gaji da gyaran aikin wasu. Nan na tuna Baba, dattijon da ya koya mini sana'ar nan a Riyad.

Ba ya zaɓar kaurin bututu sai ya taka daga tanki har hita, yana ƙirga kowace lanƙwasa da carbinsa, don yawan lanƙwasa kan rage ƙarfin gas. Hannunsa kullum ƙamshin sabulun gwada yoyo yake yi.

Wata rana na gama haɗi ina ji da kaina. Ya ja carbi sau tara, ya dube ni.

"Kwance shi, ɗana."

"Baba, ai wuta tana kamawa."

"Da yunwa take ci. Kuma akwai yara a gidan nan."

Na kwance ina ƙunƙuni. Yau ma zan kwance, ba wanda ya sa ni.

Baba, ko bututu ba ka yarda a ƙuntata shi ba. Allah ya yalwata makwancinka.