Tafin Hannun Inna a Kan Leda

Shekarar da yayata ta zo jinya daga Abijan, a dafe da ciki ta sauko daga mota, da 'yar jaka baƙa a kafaɗa mai gurnani kamar kyanwa. Tun haihuwar tagwayenta fatar cikinta ta saki har tana kwantowa kan cinya, sai ta je anka yanke rarar anka ɗinke, don ta koma yadda take da. Na ce, "Yaya, da lafiyarki kika kai kanki ga wuƙa? Lalle daɗi ya yi miki yawa!" Ta harare ni.

A hanya ɗinkin ya buɗe ta gefe guda. Likita a Yamai ya cusa soso cikin raunin, ya rufe da leda mai manne wa fata, ya jona tiyo zuwa mashin ɗin da ke cikin jakar, shi ke tsotse ruwan ciwon. Ya gargaɗe ta kada iska ta shiga ƙarƙashin ledar. In ta shiga mashin zai yi tsuwa, in ta daɗe ciwon zai ruɓe, sai an sake yanka.

To, Innarmu ita ce mai gashi da ruwan zafi a ƙauyenmu, can wajen Bangi. Mai jego, mai targaɗe, duk sun sha tsummanta da ruwan ganyen dogon yaro mai tururi. Har yau in na ji wannan ƙamshi sai zuciyata ta karye. Ga ɗiyarta kwance a ɗakinta, an ce kada ta taɓa. Sai ta zauna bakin gado tana kallon jakar.

"Wannan abu mi shika sani?" in ji ta. "Ciki ba ya warkewa da sanyi."

Wata safiya na kai hura gona, ina dawowa na jiyo mashin yana tsuwa tun daga zaure. Na tarar da Inna durƙushe da tsumma a hannu, tururi ya ɗaga gefen ledar, Yaya kuma ta kasa hana ta don kunya. Kai, ranar na yi faɗa!

"Inna, so kike a sake yanka ta? Ba a ce miki a'a ba?"

Ta ajiye tsumman. Na kira majo a waya, wato ma'aikacin jinyar da ke sauya soson a Madawa, ya ce a tsane wurin, a danne gefen ledar da hannu, mu taho maza. Kafin in juyo Inna ta goge damshin da bakin zanenta, ta ɗora tafinta. Tsuwar ta tsaya, gurnanin ya dawo.

Motar 'yan kasuwa munka samu, cike da buhunan albasa. Duk ramin da munka faɗa sai Inna ta bi cikin Yaya da jikinta, hannun bai gusa ba. Na ce ta kawo in karɓe ta.

"Ke da wannan zafin kai? Bari mini ɗiyata."

Da munka isa, sai da majon ya ɓamɓare yatsunta, don sun sage. Ya duba ya ce raunin bai ɓaci ba. Inna ta fita ta zauna a inuwa tana murza hannu, ta ƙi kallon kowa. Daga ranar ba ta ƙara ɗora tukunyar gashi don Yaya ba, amma kullum da rana takan zauna da tafinta kan ledar, ko da mashin bai yi kuka ba.

Ciwon ya warke, saura tabo siriri. Inna kuwa Allah ya karɓi abinsa. Bara Yaya ta zo gida, ta kwanta a gadon nan, ta kamo hannuna ta ɗora a gefen tabon. Na danna, na sassauta, na gyara zama. Sai ta ture hannun a hankali.

"Bari kawai," ta ce. "Ba haka take yi ba."