Dumbulwa Mai Humra da Tsoron Sakiya

Ranar Litinin, goma ga Rajab 1445, bayan azahar, Hajiya Dumbulwa ta fara haɗuwa da Kaltuma, 'yar Kano mai yi wa marasa lafiya tafinta a wani ƙaramin asibiti a unguwar Azizya, a Madina. Dumbulwa ta shigo da yatsa a kunci, tana jan fatar gefe. Shekara shida ke nan sai ta yi haka iska ke shiga mata hanci. Da ta saki ta shaƙa, sai gefen hancin ya lotsa ya toshe hanya.

Mutuniyar Damagaram ce, shekararta talatin da ɗaya a unguwar Jurf tana haɗa humra da turaren wuta. Ba ta awo da cokali. Sunsunawa take yi, ta ce a ƙara sandal, ko a sake wanke farce, wato marfin dodon koɗin teku da ake sa wa humra.

Likita ya duba, Kaltuma ta fassara. Bangon hancin ne ya yi laushi. Ba yanka za a yi ba. Za a kashe zafin wurin, a ɗora kan wata 'yar na'ura a ciki, ta ɗumama naman har ya ƙanƙame ya tsaya.

Dumbulwa ta miƙe tsaye. "Sakiya ke nan."

"Haba Hajiya, wace sakiya a Madina?"

"Ƙarfe mai zafi a jikin mutum, ke me kike ce masa, 'yar nan?"

Tana 'yar shekara tara wanzami ya gasa kibiya ya soki wani kumburi kusa da hancin mahaifiyarta. Kumburin ya sace, jin ƙanshi ya bi shi. Mahaifiyar, wadda ita ta koya mata sana'a, ta rasu ba ta iya bambance humra da kananzir.

Sau biyu ana sa mata rana tana ƙin zuwa. Ta uku, huɗu ga Sha'aban, ta zo, don hancin da take karewa ya riga ya fara cin amanarta: duk sunsunawa mai ƙarfi sai ya rufe. Ta kwanta, ta damƙe hannun Kaltuma, tana jiran ƙaurin nama. Minti ashirin aka gama.

Kwana goma sha tara hancin yana kumbure, duk ɓawo, ba ta jin ƙanshin komai. Ta rufe kwalabenta. Ta kira Kaltuma a waya: "Kun yi mini irin ta Inna."

"Kumburi ne, Hajiya. Wurin jin ƙanshi yana can sama, wallahi ba a taɓa shi ba."

Rana ta ashirin Kaltuma ta je dubiya. Tana zama Dumbulwa ta yamutsa fuska.

"Wa ya haɗa miki wannan humrar? Farcen bai wanku ba, ƙarni yake yi."

Sai ta lura ta ji warin ba tare da ta ja kunci ba. Hannayenta duka biyu suna kan cinyarta.

Ta buɗe kwalabenta kafin azumi. Tana nan a Jurf tana sana'arta. Ɓangaren hagu yakan ɗan toshe in ta yi mura, kuma har yau sakiya take ce wa aikin.