Yadda Shanun Huɗa Suka Kusa Kai Baba Makaranta

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma ne, bayan sallar la'asar, a ƙofar gidan mai unguwarmu a Balan. Na san lokacin domin malamin gona da ya zo daga Gaya a kan keke yana da agogo, kuma bai bar kowa ya manta da hakan ba. A kan babbar tabarma akwai mai unguwa, da liman, da babana, da wani tsohon Bafulatani maƙwabcinmu. A gefe samari uku suna tsugune: yayana, da ɗan tsohon Bafulatanin, da ɗan kawunmu. Ni ma ina wurin. Mai unguwa ne ya aika aka kira ni, don na ɗan yi firamare a Gaya, kuma an san ni da son a bi abu daki-daki. A farkon shekarun saba'in ne, an gama cire gyaɗa.

Saƙon malamin gona shi ne, za a ba mutum ɗaya a unguwarmu bijimai biyu da garmar shanu, bayan ya je makarantar koyon noma ya yi 'yan makonni. Idan ba a samu wanda ya cancanta ba, shanun za su wuce Gafasa. Sharuɗɗa uku ne. Na ɗaya, mutum ya kasance da gona tasa ta kansa. Na biyu, ya san riƙon shanu. Na uku, ya zama ba ya barin gari da rani, domin bijimi ba ya jiran maigida ya dawo kafin ya ji yunwa.

Yayana ya fi kowa son shanun nan. Tun da labarin ya iso yake kwana yana tashi da shi, har ya share wurin turke a bayan ɗakinsa. Yana da mata da 'ya'ya biyu, amma har lokacin a gandu yake, wato yana noma gonar Baba tare da mu, abin da aka samu ya shiga rumbun Baba. Abin da yake da shi nasa kawai gayauna ce, ɗan fegin da uba ke ba ɗa ya noma da yamma. Baba kuwa bai taɓa nuna alamar zai yankar masa gona ba.

Mai unguwa ya ce, "Kai ɗan boko, auna mana su."

Na ce sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma kada wanda ya sa baki sai na kai ƙarshe. Na fara da ɗan Bafulatani. Gona, yana da ita. Shanu, a cikinsu aka haife shi. Rani kuwa, da kaka ta wuce yake kora garkensu kudu, ba a ganinsa sai ruwa ya sauka. Ya faɗi a na uku.

Na koma kan ɗan kawu. Gona, ya gada. Rani, ko kasuwar Ajingi sai an matsa masa yake zuwa. Saura shanu.

Ya ce, "Na san shanu mana!"

Liman ya ce, "Su ma sun san ka. Ba kai ne maraƙi ya kora ka hau katangar masallaci bara ba?"

"Malam, ai ba maraƙi ba ne, ya fara ƙaho."

Tsohon Bafulatani ya ce, "Nawa ne. Ranar ko sati uku bai cika ba."

Aka yi dariya, na jira ta lafa, na ce ya faɗi a na biyu. Sannan na zo kan Yaya. Shanu, shi ke kiwon bijimin da Baba yake turkewa kowace shekara. Rani, bai taɓa tafiya ba. Gona kuwa, na dubi malamin gona na tambaye shi ko gayauna gona ce. Ya ce a'a, an ja masa kunne a kan wannan, domin uba na iya karɓe ta gobe. Na ce to, Yaya ya faɗi a na ɗaya. Yaya ya dube ni kamar ba uwa ɗaya ta haife mu ba.

Kowa ya juya wajen Baba. Baba ya ɓare goro ya sa a baki yana kallon sama, kamar maganar wani gari ake yi.

Liman ya ce a haɗa samarin uku a ɗaure da igiya su zama mutum ɗaya. Mai unguwa ya roƙi a ɗan sassauta. Malamin gona ya duba agogonsa, ya miƙe ya kama kekensa, ya ce gara ya isa Gafasa da haske.

Ni abin da ya dame ni shi ne aikin bai kammala ba. Na ce, "Malam, an ce a zaɓa daga cikin waɗanda suka fito, ko daga mutanen unguwa?"

Ya ce, "Daga mutanen unguwa."

Na ce, "To ai ban gama ba."

Na fara da mai unguwa, don shi ne babba. Na ce, "Ranka ya daɗe, gona akwai, rani kana gari. Shanu fa?" Ya ce shi jaki ne iyakarsa. Liman ya ɗaga hannu tun kafin in iso gare shi, ya ce shi da dabba sai ranar layya. Tsohon Bafulatani ya san shanu, kuma ƙafa ta hana shi tafiya kudu, amma ya riga ya ba ɗansa gonar. Ya faɗi a na ɗaya, yana dariya har da tafa cinya.

Saura mutum guda a kan tabarmar. Wallahi sai da na fara lissafin na ga inda zai kai ni, kuma babu damar tsayawa.

Na ce, "Baba, gona taka ce?"

"Ta wa ce in ba tawa ba?"

"Ka san riƙon shanu?"

"Kai, wa ya koya wa wancan?" Haka yake kiran Yaya, domin ɗan fari ne, ba ya kama sunansa, ba ya ma yi masa magana kai tsaye a gaban mutane.

"Ka taɓa tafiya cin rani?"

"Ni? Allah ya kiyaye."

Na juya wajen malamin gona na ce, "Malam, ga mutuminka."

Liman ya kwanta a kan tabarma. Taubashin Baba ne, saboda haka yana da izinin faɗin duk abin da ya ga dama. Ya ce, "Alhamdu lillahi, na rayu na ga ranar da za a kai wannan makaranta! A nemo masa allo!" Mai unguwa ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Mata a cikin gida suka aiko a ji ko lafiya, da aka gaya musu muka jiyo shewa ta kan katanga.

Baba ya gyara zama ya ce, "To, zan je. Me ake yi a can da ban iya ba?"

Nan Yaya ya sunkuyar da kai, don Baba bai taɓa faɗin magana ya janye ba.

Malamin gona ya jingine keke ya fara bayani, yana cije leɓe. Ya ce ana tashi da ƙararrawa. Baba ya ce ya riga ƙararrawa tashi. Malam ya ce ana sa gajeren wando. Baba ya ce zai ɗora riga a kai. Liman ya ce shi zai biya mota ya je kallon ƙwaurin. Malam ya ce ana bin layi da kwano a karɓi abinci, kuma mai koyarwar bai kai Yaya shekaru ba. Baba ya ce yaro ma mutum ne.

Malam ya ce, "Sannan ba a cin goro a aji, Baba."

Baba ya daina tauna. "Har zuwa yaushe?"

"Daga safe zuwa azahar."

Baba ya dubi goron da ke hannunsa, ya dubi liman da ke sharar hawaye, sannan ya miƙe ya kakkaɓe riga. Ya ce da ni, "Gaya wa wancan ya wuce gaba. Gonar bakin marke."

A wurinmu ba a fitar da ɗa daga gandu da fatar baki. Sai an je da shaidu an taka iyaka. Haka muka ɗunguma gaba ɗaya, malamin gona na tura keke, liman na tsayawa a hanya yana sake fashewa da dariya. Baba ya taka daga gindin marke zuwa layin gamba. Da ya zo wajen kwarin da ya fi ba da dawa sai ya ɗan karkace, tsohon Bafulatani ya ce, "Maƙwabci, ƙafarka ta hagu tana cin amana." Baba ya dawo ya miƙe tafiyar. Liman ya yi addu'a aka shafa. Yaya ya durƙusa yana godiya, Baba yana amsa wa mai unguwa.

Malam ya ce shi ke nan, an gama. Na ce ba a gama ba, tunda abu ya canza sai an sake aunawa daga farko. Yaya ya ce, "Don Allah ƙane, ka rufa mini asiri ka yi shiru." Ban yi shiru ba. Yaya ya cika uku. Amma Baba ma har yanzu yana da gona, ya san shanu, ba ya barin gari. Mutum biyu ke nan, shanun kuwa na mutum ɗaya ne.

Mai unguwa ya dubi Baba ya ce, "Abu mai sauƙi. Ka ce ka fasa."

Baba ya ce, "Ni ban taɓa fasa abu ba." Rana tana ta sauka. Can ya gyara hula ya ce, "Sai dai bana ina da tafiya cin rani."

Liman ya ce, "Ina?"

"Ajingi."

Ajingin da muke zuwa kasuwa mu dawo kafin la'asar! Wannan karon har malamin gona sai da ya saki keke ya faɗi a kan kunyar gona. Da ya samu numfashi ya ce shi dai an ce masa barin gari, ba a faɗa masa nisa ba. Na ce to, Baba ya faɗi a na uku, Yaya ne kaɗai ya rage. Da rani Baba ya tafi Ajingi gidan ƙanwarsa da buzunsa da goronsa, ya yi 'yan kwanaki don kada a ce ya yi ƙarya. Yaya ya je makaranta ya dawo da bijimai biyu jajaye.

'Ya'yan ɗan kawu har yau suna cewa haɗa baki muka yi a gida. Ina roƙonka mai karatu, ka ɗauki sharuɗɗan nan uku ka bi mutanen da su ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake, ka gani da kanka ko akwai inda na karkata.