Akwatin da Ya Cinye wa Si Munsif Hutu

Si Munsif mutum ne da hannunsa bai iya zama ba. A Nabul ta ƙasar Tunisiya aka haife shi, bayan layin masu tangaran, kuma a nan ƙarfinsa ya ƙare yana gyara musu tandunan lantarki. In tanda ta yi zafi har ta fasa kwanuka, shi ake nema. In ta yi sanyi fenti ya ƙi kamawa, shi ɗin dai. Kowa Usta yake ce masa, wato gwanin sana'a, shi kuwa ya fi son sunan nan da na yanka.

Da ya yi ritaya sai ya dawo da hannun gida. Ya sa wa ƙofarsu ƙararrawa mai kukan tsuntsu, kyanwar unguwa ta tare a bakin ƙofar tana jiran ranar da tsuntsun zai fito. Ya gyara rediyon da lafiyarsa ƙalau har ya daina kama tashar da matarsa ke so. Abu ɗaya ne bai taɓa ba a gidan, shi ne kattar ɗin matarsa Lalla Shadliya, tukunyar tagullar da ta gada wurin kakarta, wadda ake tatsar ruwan furen lemo da ita.

Duk shekara in itatuwan lemo mai ɗaci suka yi fure, tsakar gidan Si Munsif ta daina zama tasa. Matan layi su zo da furensu a ƙunshe cikin mayafi, a zuba a tukunya, a ɗora mata kanta mai dogon baki, a liƙe mahaɗin da kwaɓin fulawa da tsumma. Ƙasa garwashi, sama kwanon ruwan sanyi. Wata na fifita, wata na kwashe ruwan saman in ya yi ɗumi tana zuba sabo, wata na riƙe da kwalba a bakin tukunyar tana kallon ɗigo. Ba a gaggawa, don in wuta ta yi yawa ƙamshin ƙonewa yake. Aikin yini ne, kuma yini guda mata a zaune hannu na aiki, ai baki ma ba zai huta ba. Ba a ɗaura aure ko a warware shi a unguwar sai maganar ta fara dahuwa a gefen tukunyar nan. Lalla Shadliya tana zaune bisa kujerarta 'yar tsugunno, mafici a hannu, labari na zuwa mata har gida.

A wannan kakar, girki sai dai a yi haƙuri. Si Munsif ya sami burodi da harisa, wato niƙaƙƙen barkono, da kifin gwangwani a rufe kan tebur, ya ci a tsaye, ya fice gidan gahawar Ammi Tijani yana mita.

"Mutum da matarsa da ransa, amma yana cin abincin gwauro," in ji shi, yana raba karta da hannun dama, na hagu na cikin farantin makarud.

Makarud ɗin nan kuwa, mai dabino da zuma, likita ya hana shi tun da aka ce yana da suga. Sauran watannin shekara Lalla Shadliya na tsaye a kansa, har gashin bakinsa take shinshinawa in ya dawo. A kakar fure kaɗai ba mai tambayar inda ya je, ba mai duba agogo. Sai ya kai magariba yana karta, yatsunsa na danƙo. Mutumin da ya iya bin waya ɗaya cikin ɗari har ya gano inda ta tsinke bai taɓa haɗa burodin nan da makarud ɗin nan ya ga cewa tare suke zuwa ba.

Ammi Tijani ne ya ja masa. Wata rana yana ajiye musu shayi ya ce, "Usta, ni abin da ke ba ni mamaki, tandunan garin nan duk suna gaishe ka, amma matarka tana fifita gawayi kamar zamanin Turkawa. Ko dai hannun ya tsufa ne?"

"Hannun da ya gyara maka firji sau nawa?"

"Shi ya sa har yanzu nake sayen ƙanƙara a waje."

'Yan karta suka yi dariya. Si Munsif bai yi ba. Ya lashe yatsa, ya ce su ba shi mako.

Ya shige ɗakin kayan aikinsa. Ya ciro zuciyar wata tsohuwar tanda da ya ɓoye tun yana aiki, ya dasa ta cikin akwatin katako da ya goge da man zaitun har yana ƙyalli. A gaban akwatin ya sa maɓalli mai juyawa da 'yar jar fitila. Waya ɗaya ta tafi ga hitar da zai sa ƙarƙashin tukunya maimakon garwashi. Ɗaya kuma ta ƙare da wani ɗan ƙarfe kamar fensir, wanda zai soka a wuyan tukunyar ya riƙa jin zafinta. In ƙarfen ya ji zafi ya kai, akwati ya yanke wuta, fitila ta mutu. In ya ji sanyi, akwati ya ƙara wuta. Ruwan sama kuma ya ja masa tiyo daga famfo, yana shiga a hankali, mai ɗumin yana fita ta wani tiyon zuwa gindin itacen yasmin. Wanda duk ya ga waya da ruwa suna gilma wa juna a tsakar gida ɗaya sai da ya ja da baya, amma ba a gaya wa Usta aikinsa.

"Shadliya, ki saurare ni da kyau," ya ce ranar da ya haɗa. "Ba fifita, ba hayaƙi, ba ciwon baya. Sharaɗi ɗaya ne. Kada ruwa ya taɓa komai na akwatin nan. Ruwa shi ne ajalin lantarki."

"Ajalinsa," ta maimaita, tana kallon akwatin kamar baƙon da ya zo da kayan kwana.

Abin haushi, akwatin ya yi aiki. Ɗigo ya riƙa sauka daidai wa daida, ruwan ya fito garau, ƙamshi har kan titi. Matan suka zauna da mafitai a cinya ba abin fifitawa. Halti Manubiya, wadda ta fi kowa shekaru da kaifin harshe, ta dubi jar fitilar tana kamawa tana mutuwa, ta ce, "To mu me za mu yi, Usta?"

"Ku huta, Halti."

"In hutu ne ai ina da gado a gidana."

Haka aka yi. Matan suka koma kawo fure da safe su ajiye a ƙofa, da yamma su aiko a karɓi kwalabe. Tsakar gida ta yi tsit, sai ƙarar tiyo. Ranar da aka sa wa 'yar maƙwabciyarsu rana, a bakin mai burodi Lalla Shadliya ta ji. Ita da a da da ita ake shawarar launin labulen amarya. Ta dawo gida ta ajiye kwando, ta duba hagu ta duba dama, ba ta ga kowa ba sai mijinta yana ɗaura takalmi.

"Ina zuwa, Si Munsif?"

"Nan wurin Tijani."

"Zauna. Ai yanzu ina da lokacinka."

Girki ya dawo, kamar yadda ya roƙa. Kuskus da kabewa dafaffiya, ba mai, ba gishirin kirki, shayi ba suga. Ta tuna da tagar da ya ce zai gyara tun bikin babban ɗansu. Ta tuna likita ya ce ya riƙa tattaki, ta ɗauki mayafi ta raka shi, kuma hanyar da ta zaɓa ta gaban gidan gahawa ta bi. Abokansa suna ciki suna ɗaga masa makarud ta taga. Da ya sami suɓucewa wata yamma, bai gama raba karta ba matar Tijani ta leƙo ta ce ana nemansa a waya daga gida.

"Usta, ashe akwatin naka har mutum yake sarrafawa," in ji Tijani. "In ka yi zafi ya yanke ka."

A hanyar komawa ne Si Munsif ya gane abin da ya yi wa kansa. Hutunsa na shekara ya ɗauka ya zuba a akwatin katako, har da goge shi da man zaitun. Furen kuwa ya fara ƙaranci a kasuwa. In kakar nan ta wuce a haka, ta baɗi ma haka za ta zo, da duk masu bin ta.

Ya yanke shawarar kashe akwatin. Waya ɗaya ce siririya a ciki, in ya datse ta ya ce wani ƙarfe ne ya ƙone wanda ba a sayarwa yanzu, ba mai musa masa. Ranar Juma'a ya sa filaya a aljihun jabbarsa ya tafi masallaci da ita. Ya san in an sauko Shadliya na kan soro tana shanya.

Ya turo ƙofa a hankali don kada tsuntsun ya yi kuka. Tun daga zaure ya ji abin da bai yi masa daɗi ba. Tukunyar na gurnani kamar motar da ta maƙale a yashi. Jar fitilar na kunne, ba ta ƙiftawa. Bakin tukunyar ya daina ɗigo, fure ya toshe shi, tsumman mahaɗi ya kumbura yana huci. Bai kai ga akwatin ba liƙin ya ɓalle. Kan tagullar ya yi tsalle ya daki bango, dafaffen fure ya watsu har kan wankin da ke soro, kyanwar ƙofa ta haye itacen yasmin. Si Munsif ya yi tsalle irin wanda bai yi ba tun yana saurayi, ya kashe wutar gidan gaba ɗaya. Allah ya tsare ba kowa a kusa. Amma mu maƙwabta da muke bayan katangar, har yau in murfin tukunya ya faɗi sai gabanmu ya yanke.

Kafin tururi ya lafa matan layi sun cika gidan, Halti Manubiya a gaba da takalmi ƙafa ɗaya. Si Munsif ya durƙusa yana bin wayar ɗan ƙarfen mai jin zafi. Ba a wuyan tukunya ya same shi ba. Yana kwance cikin bokitin ruwan sanyi a gefen famfo, an ma ɗora masa dutse don kada ya taso. Wani ne ya so nutsar da shi ya mutu. Shi kuwa ƙarfen, da ya ji sanyi, sai ya yi ta gaya wa akwati a ƙara wuta.

Ya ɗaga kai. Lalla Shadliya na tsaye a matakala, fure a kafaɗarta, fuskarta ta yi fari. Idonta ba a kansa yake ba. Yana kan filayar da ta faɗo daga aljihunsa lokacin tsallen. Ta san ba a zuwa Juma'a da filaya.

"Usta, me ya faru?" in ji Halti Manubiya.

Amsar na hannunsa, tana ɗigar ruwa. In ya ɗaga ta sama, sunansa ya tsira, kowa ya san akwatin ba shi da laifi. Gobe kuma a mayar da ƙarfen wuyan tukunya, a koma kabewa. Ya sa ƙafa ya tura bokitin bayan famfo.

"Akwatin ne, Halti. Tsohuwar tagulla ba ta shan lantarki. Ban lissafa da haka ba."

"Ai na faɗa a raina," in ji tsohuwar. "Tukunyar da ta saba da hannun mutane." Ta juya ga sauran. "Wa ke da gawayi a gida?"

Da aka watse ɗebo tsintsiya da gawayi, suka rage su biyu. Lalla Shadliya ta sunkuya ta ɗauki filayar, ta juya ta a hannu.

"Liman ne ya ce a zo da ita?"

"Ke kuma wa ya ce ki yi wa ƙarfen wanka?"

"Kai ka ce ruwa ne ajalinsa."

"Ya kusa zama namu." Ta matso ta kakkaɓe masa furen da ke kan hula, ta daɗe tana kakkaɓewa bayan furen ya ƙare.

Maƙerin tagulla ya buge lotsawar kan tukunyar, sai ɗan tabo da ya rage, wanda matan ke nuna wa baƙi. Da safen Asabar hayaƙi ya tashi a tsakar gida, muryoyi suka dawo, Lalla Shadliya na kan kujerarta tana jin yadda aka yi dangin ango suka rage kayan lefe. A kan tebur akwai burodi da harisa da kifin gwangwani a rufe. Si Munsif ya ci a tsaye, bai yi mita ba. Yana ɗaura takalmi ta ɗago mafici ba tare da ta waiwayo ba.

"Guda ɗaya, Si Munsif. Zan shinshina."

A gidan gahawa kuwa an riga an raɗa masa sabon suna. Yana shiga 'yan karta suka kife faranti a kawunansu suna neman tsari. Ammi Tijani ya ce a janye butar shayi daga kusa da Usta Bam kada ta tashi sama. Masu tangaran ma da suka ji labari sun daina gaishe shi da irin girmamawar da suka saba. Ya zauna ya haɗiye duka, ya ce a raba karta. Da farantin ya iso gabansa ya daɗe yana dubawa, sannan ya zaɓi wanda ya fi kowanne girma.