Sawun da Kaka Ta Kife da Ƙwarya

Jiya na ga 'yan sanda a talabijin suna zuba wani farin kwaɓi cikin sawun ɓarawo don su ɗauki siffarsa. Sai na yi dariya ni kaɗai, domin kakata ta riga su, kuma ita ƙwarya ce kayan aikinta.

Da damina ne, a gidanmu na kusa da Ƙofar Doka. An yi ruwa da asuba, tsakar gida ta yi laushi. Munduwar azurfar Kaka, wadda ta ajiye a taga za ta yi alwala, ta yi ɓatan dabo. Ƙarƙashin tagar ga sawu, babu takalmi. Nan take baffana ya ce matar da ke zuwa daga ƙauye tana yi mana daka ce, tunda ita kaɗai ke yawo ba takalmi. Baiwar Allah ta tsaya riƙe da taɓarya. In aka kore ta da sunan sata, babu gidan da zai sake ɗaukarta a unguwar.

Kaka ta hana shara. Ta kife sawun da ƙwarya, sai da rana ta ɗaga sannan ta buɗe, ta tsuguna. Ni kuwa, uwar son gani, ina manne da ita.

"Dubi nan," ta ce da ni. "Dunduniya sumul, babu faso. Yatsu a matse. Wannan ƙafa takalmi ta sani, cire shi aka yi."

A ƙusar taga kuma ta zaro wani zare shuɗi mai sheƙi, na shadda. Mai dakanmu atamfa ɗaya gare ta, ita ma ta koɗe.

"Koma ga turminki, 'yata," in ji Kaka. Ta ɗauki tsintsiya ta share sawun da hannunta, ba ta kira sunan kowa ba.

Kwana uku ina leƙen ƙafafun mutanen gida wajen alwala, har na gane mai sawun. Yayana ne, wanda nake ji da shi, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Washegari aka tsinci munduwar cikin ƙwaryar nan.

Yanzu an shafe tsakar gidan da siminti, ko an yi ruwa ba ya riƙe sawun kowa. Nakan tsaya wajen tagar in tambayi kaina: da a yau abin ya faru, wa zai wanke matar nan?